Tsohon Soja a Gamu, Fanshonsa a Faransa

Jawabin da aka gabatar a Gamu, cikin gundumar Gure, jihar Damagaram, gaban dattawa da iyalan tsoffin sojoji.

    

Maganar da ta tara jama'a a yau ita ce ta ƴan mazan jiya, wato mutanen ƙasar nan da suka yi aikin soja ƙarƙashin tutar Faransa, da kuma haƙƙin da ya rage musu, su da matan da suka bari. A cikin littattafan baitulmalin Faransa akwai wani rukuni na masu karɓar fansho da ake kira mazauna ƙetare. Wanda ya ji wannan suna zai zaci ana nufin Bafaranshen da ya gama aiki ya ƙaura zuwa Dakar ko Maroko don neman rana da arahar rayuwa. Akwai irinsu, gaskiya ne. Amma a cikin wannan rukuni ne aka jefa mutumin da aka haifa a ƙasar Gure, aka ɗauke shi yana saurayi, ya dawo ya ci gaba da noman hatsi a gonar ubansa. Shi bai yi ƙaura ba. Ƙasar da ya yi wa yaƙi ce ta naɗe tutarta a 1960, ta tafi da littafin albashinsa, ta bar shi a ƙofar gidansu da sunan baƙo.

YADDA AKA ƊAUKE SU

A shekarar 1857 ne gwamnan Senegal, Faidherbe, ya kafa rundunar baƙaƙen sojoji da aka raɗa wa suna Tirailleurs Sénégalais, wato maharban Senegal. Sunan ya bi duk wanda aka sa wa jar dara a Afirka ta Yamma, ko Bambara ne, ko Mosi, ko Bazabarme, ko Bahaushe, ko Babarbare. Da irin waɗannan sojoji Faransa ta ci Damagaram a 1899, da su ta murƙushe boren Kawusan a Agadas a 1917. Da ƙasa ta shiga hannu, sai aka juyo kan ƴaƴanta. A yaƙin duniya na farko an kwashi mutum wajen 200,000 daga Afirka ta Yamma, kimanin 30,000 ba su dawo ba. A 1919 aka mai da aikin soja dole a kowace shekara, ko da yaƙi ko babu: kwamandan ya yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, likita ya duba su, a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi shekara 3. Waɗanda ƙuri'a ta tsallake ma ba su tsira ba, domin daga cikinsu ake ɗiban masu aikin tilas. Shi ya sa da labarin ɗaukar soja ya iso, samari da yawa na garuruwan iyaka kan tsallaka ƙasar Ingilishi su laɓe har ƙura ta lafa.

Akwai masu cewa: me ya shafi ƙasa mai ƴanci da kukan mutanen da suka yi wa mulkin mallaka aiki, waɗanda aka kai Madagaska a 1947, aka kai Indoshin, aka kai Aljeriya don su danne ƴan uwansu masu neman ƴanci? Tambaya ce da ba za a kau da kai daga gare ta ba. Sai dai yawancinsu ba su zaɓa ba, zaɓensu aka yi. Waɗanda suka kai kansu kuwa, sau da yawa yunwa da haraji ne suka tura su. Kuma daga cikinsu aka gina rundunar sojan Nijar a 1961. Janar Seyni Kunce kansa ya shiga sojan Faransa a 1949, ya yi Indoshin, ya yi Aljeriya. Umaru Ganda, wanda ƙasa ke alfahari da shi a fagen silima, tsohon sojan Indoshin ne, kuma fim ɗinsa Cabascabo labarin sojan da ya dawo Yamai ne, kuɗin sallamarsa suka ƙare, abokan ci suka watse. Ko me mutum zai ce game da yaƙe-yaƙen, wanda ya sa aiki shi ke da biyan lada.

ALKAWARI DA ƘURI'A

Rikicin lada ya fara tun ba a gama yaƙin duniya na biyu ba. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka fito daga kurkukun Jamus suka nemi a biya su albashin da suke bi kafin a sallame su. Aka amsa musu da harsashi. Rahoton soja na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu. Masana tarihi da dama suna lissafa ɗaruruwa. Sai a watan Nuwamba 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi aka yi.

Bayan Caroy, Faransa ta gane cewa tsohon soja mai fushi hatsari ne, tsohon soja mai ƙoshi kuwa ƙuri'a ne. Daga 1948 zuwa 1950 aka tura wani hafsa, Kwamandan Liger, da tawagarsa, suka bi yankunan Afirka ta Yamma suna neman tsoffin sojoji, suna rubuta sunayensu, har suka haɗa takardun mutum wajen 250,000. A 1950 aka yi dokar daidaita fanshonsu da na Faransawa. Aka gina gidajen tsoffin sojoji a manyan garuruwa, aka keɓe musu ayyukan gadi da masinja a ofisoshi, aka ba naƙasassu littafin magani kyauta da ƙafar roba. A riƙe wannan da kyau, domin za a komo kansa: a lokacin da Faransa take da bukatar waɗannan mutane, ba ta jira su rubuto mata wasiƙa ba, ita ta bi su har gida.

Ran 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta Janar Digol. Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba suka yi kiran a ce a'a. Masu kiran a ce i kuwa, daga cikin makamansu har da tsoratar da tsoffin sojoji cewa wanda ya rabu da Faransa ya rabu da fanshonsa. Nijar ta ce i. Wata 15 kacal bayan haka, ran 26 ga Disamba 1959, majalisar Faransa ta zartar da dokar kasafin kuɗi wadda aya ta 71 a cikinta ta yi wa fanshon abin da aka tsoratar da su da shi.

DOKAR DASKARAR DA FANSHO

Abin da ayar ta ce a taƙaice shi ne: daga 1 ga Janairu 1961, fanshon duk wanda ƙasarsa ta sami ƴanci ya tashi daga fansho, ya zama wata diyya ta shekara-shekara, kuma za ta tsaya a kan adadin da take a ranar. Su da kansu suka kira abin daskararwa. Fanshon Bafaranshe yana tafiya tare da albashin ma'aikata, kaya suka yi tsada ya ƙaru. Na Banijare kuwa ya tsaya cik, sai ɗan ƙarin da gwamnati ta ga dama ta yi jefi-jefi, wanda bai taɓa kamo tsadar kasuwa ba. Tiyar hatsi ba ta daskare ba, kuɗin mota daga Gure zuwa Damagaram bai daskare ba, kuɗin magani bai daskare ba. Har wa yau dokar ta toshe ƙofar sabbin buƙatu: wanda raunin yaƙi ya tsananta masa da tsufa, da matar da mijinta ya rasu, suka sha wahalar samun mai saurarensu.

Ga yadda abin ya kasance a 2006, bayan ma an ɗan yi gyara. Tsohon soja Bafaranshe da ya naƙasa gaba ɗaya yana karɓar yuro 690 a wata, wajen jika 452 na sefa ke nan. Ɗan Senegal mai irin rauninsa yana karɓar yuro 230, wajen jika 150. Ɗan Kamaru yuro 104, wajen jika 68. Ɗan Maroko ko Tunisiya yuro 61, wajen jika 40. Rami ɗaya suka kwanta, harsashi iri ɗaya ya same su, amma ƙafar wani ta fi ta wani tsada har ninki 11.

Hujjar da mahukuntan Faransa suka riƙa kawowa ita ce rayuwa ta fi araha a Afirka. Da hujjar gaskiya ce, da Bafaranshen da ya yi ritaya ya zauna a Yamai shi ma an rage masa. Ba a rage masa ko dala ba. Mutum biyu a unguwa ɗaya, suna cefane a kasuwa ɗaya, ɗaya yana karɓar cikakke, ɗaya yana karɓar tsintuwa. Ashe ba wurin zama ake dubawa ba, katin ɗan ƙasa ake dubawa.

Gwamnatocin Afirka kuma ba su da bakin wanke kansu. An ƙulla yarjejeniyoyin tsaro da na kuɗi da na ma'adinai da Faransa, an sabunta su, an yi liyafa, amma shekaru suka shuɗe ba a mai da maganar fanshon tsoffin sojoji sharaɗi a kan teburi ba. Ranar bukin tunawa a fito da su da lambobin yabo a ƙirji, a ɗauki hoto, a mai da su gida.

SHEKARA 50 A GABAN ALƘALAI

Waɗanda suka kwance wannan ƙulli su ne tsoffin sojojin da kansu, da lauyoyi da ƙungiyoyin da suka tsaya musu. Ibrahima Gueye da abokansa 742, duk ƴan Senegal, suka kai ƙara gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a watan Afrilu 1989 kwamitin ya ce Faransa ta nuna wariya. Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Sai Amadou Diop, wani saje ɗan Senegal da ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959, ya shigar da ƙara a kotunan Faransa. Ran 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun da ke shari'a tsakanin gwamnati da jama'a ta ba shi gaskiya. Bai ji hukuncin ba, ya riga ya rasu.

Maimakon ta bi hukuncin kai tsaye, a ƙarshen 2002 gwamnati ta fito da wata dabara: za a ƙara kuɗin, amma gwargwadon tsadar rayuwar kowace ƙasa. A 2006 fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya tayar da hankalin jama'ar Faransa, shugaba Jacques Chirac ya ba da umarni, daga Janairu 2007 aka daidaita kuɗin katin yaƙi da fanshon naƙasa, abin da ya shafi mutum wajen 80,000 a ƙasashe 23. Fanshon ritaya, wanda shi ne mai tsoka, aka bar shi a daskare. Sai ran 28 ga Mayu 2010 kotun tsarin mulkin Faransa, a kan ƙarar wasu iyalin Aljeriya masu suna Labane, ta yanke cewa bai halatta a bambanta Bafaranshe da wanda ba Bafaranshe ba alhali suna zaune a ƙasa ɗaya. Daga 1 ga Janairu 2011 aka soke daskararwa. A lokacin, masu cin moriyar wannan gyara na ƙarshe ba su wuce wajen 30,000 ba. Daga 1961 zuwa 2011 shekara 50 ke nan, kuma ba a biya bashin waɗannan shekaru ba. Duk shekarar da aka ja, mutuwa tana rage wa baitulmali nauyi. Abdoulaye N'Diaye, tsohon sojan yaƙin farko a Senegal, ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1998 yana da shekara 104, ana gobe za a maƙala masa lambar girma mafi daraja ta Faransa.

Wasu tsofaffin, don neman abin da za su riƙe iyali, suka koma Faransa da tsufansu, suna kwana a ƴan ɗakunan haya na leburori, saboda kuɗin tallafin tsofaffi, wajen yuro 950 a wata, ba a ba wanda bai yi wata 6 na kowace shekara a can ba. Sai a Janairu 2023 aka ɗage musu wannan sharaɗi, kuma a watan Afrilu na shekarar mutum 9 suka koma Senegal don su ƙarasa kwanakinsu cikin jikokinsu.

HAƘƘI IRI UKU NE

Ya kamata iyalai su bambanta abubuwa uku, domin rashin bambanta su yana sa wasu su yi ta wahalar neman abin da babu, wasu kuma su bar abin da yake nasu.

Na farko shi ne kuɗin katin yaƙi. Ana ba wanda ya mallaki katin da ke shaida ya shiga fagen daga, bisa ƙa'ida kwana 90 a rundunar da ta yi faɗa, ko wajen wata 4 a Aljeriya lokacin yaƙinta. Ana fara biya a shekara 65, sau biyu a shekara. Wannan kuɗi na mai katin ne shi kaɗai. Ranar da ya rasu ya tsaya, mata ba ta gadonsa.

Na biyu shi ne fanshon naƙasa, na wanda ya sami rauni ko ciwo a bakin aiki. Yawansa yana bin girman naƙasar da likitocin soja suka ƙiyasta, kuma yana tafe da haƙƙin magani kyauta a kan wannan rauni. Matar mamaci tana iya samun rabo a cikinsa bisa wasu sharuɗɗa, musamman idan raunin ne ajalinsa ko naƙasar mai girma ce.

Na uku shi ne fanshon ritaya, na wanda ya yi soja sana'a, bisa ƙa'ida shekara 15. A nan ne matar mamaci take da rabin abin da mijinta ke karɓa. Wanda ya yi shekara 3 na dole ya dawo ba shi da wannan, kuma duk dillalin da ya ce zai samo masa shi in an ba shi kuɗin takarda, macuci ne.

TSAKANIN DOKA DA ƘOFAR GIDA

Saurayin da yake da shekara 20 a 1944 ya haura 100 in yana raye. Wanda yake da 20 a 1960 ya haura 85. Saboda haka maganar yau ta fi shafar mata, domin al'ada ce dattijo ya auri wadda ya girma da shekaru masu yawa, kuma su ne ke raye da marayu da jikoki a hannu.

A ɗauki misalin irin wannan mata a ɗaya daga ƙauyukan Gamu. An ɗaura aurenta a zaure, gaban liman da waliyyai da shaidu, aka raba goro, kowa ya san matar wane ce. Amma ofishin fansho ba ya karɓar shaidar goro. Yana son takardar aure, da takardar haihuwarta, da takardar rasuwar mijin, da lambarsa ta soja. Ba a rubuta aurenta ba, ba a rubuta haihuwarta ba. Dole ta je gaban alƙali a Gure da shaidu don a yi mata takardar da ke maye gurbin waɗanda babu, alhali shaidun da suka halarci ɗaurin auren sun riga mijin tafiya. In ta samu, sai a tarar sunan da magatakardan soja ya rubuta da kunnen Bafaranshe ya saɓa da wanda ke kan katin mijin, ko shekarar haihuwar da aka ƙiyasta masa a bariki ta bambanta da ta takardar alƙali. Harafi ɗaya yana iya mai da takarda baya bayan wata da watanni. Wanda ya samu fanshon ma sai ya riƙa aika shaidar cewa yana raye, in ta makara a tsayar da biya.

Su kuwa ofisoshin, ina suke? Takardun aikin sojan suna ajiye a garin Pau. Masu duba haƙƙin fansho suna La Rochelle. Baitulmalin da ke kula da biyan na ƙetare yana Nantes. Duk a Faransa. Ƙofar da ta fi kusa a da tana Yamai, fiye da kilomita 1,000 daga Gure, kuma a Janairu 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na can, bayan saɓanin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ficewar sojojinta a Disamba na shekarar.

Gyaran 2011 ma da ƙugiya a cikinsa. Wani ɓangare na ƙarin ya zo da kansa, amma babban gyaran matakin fansho sai wanda ya rubuta ya nema, cikin wa'adin shekara 3 da aka ƙara wa 1 daga baya. Wa ya kai wannan labari rugage da ƙauyukan da ke bayan tudun rairayi? A 1948 an san hanyar ƙauye. A 2011 an manta ta, aka ce tsoho mai shekara 80 da bai iya karatun boko ba ya rubuto wasiƙa da Faransanci.

YADDA WASU SUKA YI

Ba Faransa kaɗai ta yi wannan hali ba. Ingila ta kwashi dubban Hausawa da sauran ƴan Najeriya zuwa yaƙin Bama, ta sallame su da kuɗin da bai kai na farar fata ba nesa ba kusa ba. Amurka ta yi wa sojojin Filifin alkawarin haƙƙi irin na nata sojoji, ta soke shi da doka a 1946, sai a 2009 ta biya waɗanda suka rage dala 15,000 ga mai takardar ɗan Amurka, 9,000 ga wanda ba shi da ita. Ingila ba ta daidaita fanshon sojojin Gurka na ƙasar Nefal ba sai a 2007, shi ma ga waɗanda suka bar aiki daga 1997.

Amma akwai abin koyi a wurare biyun nan. Ma'aikatar tsoffin sojojin Amurka tana da ofishi da asibitin shan magani a Manila. A Nefal kuwa, tun 1969 aka kafa asusun jin daɗin Gurka, wanda ya buɗe cibiyoyi a cikin duwatsu inda tsoffin sojoji suke zaune, ana ba su tallafi da magani a can, ma'aikata suna hawa har gida wurin wanda ba ya iya saukowa. Darasin a fili yake: haƙƙin da aka rubuta a babban birni ba ya zama tuwo sai an sami wanda zai kai shi ƙofar gida.

ABIN DA YA RAGE A YI

Na farko yana wuyan iyalai. Littafin soja, da katin yaƙi, da takardar fansho, da tsoffin takardun biya, da lambobin yabo, kada a bar su ga gara da ɗigon damina, kada a ba yara su yi wasa da su, kada a miƙa na asali ga kowane dillali. A yi musu hoto, a rubuta lambar sojan a wuri biyu. Lambar nan ita ce mabuɗin kome. Da ita ake gano mutum a Pau ko da an karkata sunansa. Dattijon da yake raye kuma, ya je a rubuta aurensa tun yana iya magana da bakinsa. Yini ɗaya a gaban alƙali yau ya fi shekara uku na yawon matarsa gobe.

Na biyu yana wuyan hukumar gari da masu sarauta. Babu wanda ya fi mai gari sanin gidan da aka taɓa ɗaukar soja. A bi ƙauye-ƙauye a rubuta tsoffin sojojin da ke raye da matan waɗanda suka rasu, a haɗa jerin a ofishin magajin gari. A nemi alƙali ya fito zaman ƙauye, kamar yadda ake yi don takardun haihuwar yara, a keɓe rana ga waɗannan tsofaffi. Malaman makaranta da ɗalibai masu Faransanci su ba da rana ɗaya a wata don karanta wa iyaye wasiƙunsu da rubuta musu amsa, ba tare da karɓar ko dala ba.

Na uku yana wuyan gwamnati. Ofishin tsoffin sojoji na ƙasa ya kamata a ji motsinsa a Gure, ba sai a Yamai ba. Kuma duk yadda dangantaka ta kasance tsakanin Yamai da Paris, ko ana ga maciji ko ana dasawa, wannan kuɗi ba ya cikin taimakon da ake bayarwa a janye. Ladan aikin da aka riga aka yi ne, kotunan Faransa da kansu suka tabbatar da shi. Wajibi ne mahukunta su tabbatar da hanyar da takardu za su riƙa tafiya, kuɗi su riƙa zuwa, su kuma faɗa wa jama'a wannan hanya a rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tamajak. Mai kishin ƙasa na gaskiya ba ya yafe bashin da talakansa ke bi.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ɗaci. Nijar tana da nata sojoji, tana da nata matan da suka yi takaba. A Inates, cikin Disamba 2019, soja 71 suka kwanta dama. A Shinagodar, cikin Janairu 2020, soja 89. Kafin su akwai na Karamga a 2015 da na Boso a 2016, nan gabas, kuma ba a daina ba. Iyalan da yawa daga cikinsu a ƙauye suke, auren wasu ba a rubuce yake ba, kuma nisan Yamai daga gare su bai ragu ba. Ƙasar da ta yi shekara 50 tana kallon yadda nisa da takarda suka cinye haƙƙin kakanni ba ta da uzurin barin su su cinye na jikoki. In za a zargi Faransa da jiran tsofaffi su mutu, to a tabbata babu wata matar soja a ƙasar Gure da ke jiran amsa daga ofishin ƙasarta shekara da shekaru.

Jama'a, an ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Waɗanda suka rage daga cikin ƴan mazan jiya ƙidayarsu ba ta da wuya yanzu, kuma kowace damina tana rage su. Wanda yake da tsohon akwati a ɗakin kakarsa, ya buɗe shi a daren yau, ya duba abin da ke ciki, gobe ya kawo lambar a rubuta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a nan da can ƙetaren teku inda babu mai ziyartar kabarinsu. Allah ya ba waɗanda ke raye lafiya, ya sada kowane mai haƙƙi da haƙƙinsa.